Jirgin Bermuda da takardunsa: abin da aka ƙwace, abin da aka jefa a teku

Abin da ya fara jawo ni cikin maganar nan wata 'yar takarda ce da ba ta kai tafin hannu ba. Samfurin kuɗin Amurka ne na ƙananan canji, irin waɗanda gwamnatinsu ta riƙa bugawa tun lokacin yaƙin basasa saboda mutane sun ɓoye silalla a gida, amma in ka ɗaga ta a haske sai kaga haruffa a cikin jikin takardar, CSA, wato sunan gwamnatin 'yan tawayen Kudu. Kuɗin gwamnatin tarayya a kan takardar abokan gabanta kenan. Da na bi sawun yadda haka ta faru sai na tsinci kaina a cikin labarin jirgin ruwa ɗaya mai suna Bermuda, kuma har yau in wani ya tambaye ni ta ina ake fara tattara takardun jiragen da suka riƙa fasa ƙawanya a yaƙin nan, wannan jirgin nake nuna masa, domin duk wahalar aikin da duk daɗinsa suna cikinsa.

A taƙaice ga yadda abin yake. Ranar 19 ga Afrilu 1861 Shugaba Lincoln ya sanar da cewa sojan ruwan tarayya sun yi wa tashoshin jiragen Kudu ƙawanya, ba shiga ba fita, gaɓar teku mai tsawon mil kusan 3,500. Kudu suna da auduga jibgi amma masana'antunsu kaɗan ne, Ingila kuma masaƙunta na Lancashire da audugar nan suke rayuwa, kuma tana da bindigogi da albarushi da takalma da magani na sayarwa. To kaga an samu mai nema da mai bayarwa, sai masu jirgi suka shiga tsakani. Babba a cikinsu shi ne kamfanin Fraser, Trenholm & Co. da ke lamba 10 Rumford Place a Liverpool, wanda a zahiri reshe ne na John Fraser & Co. na birnin Charleston. George Trenholm ne uban tafiyar a Charleston, shi ne ma daga baya a 1864 ya zama sakataren baitulmalin 'yan tawayen, a Liverpool kuma Charles Prioleau ke riƙe da ofis.

An ƙera Bermuda a Stockton-on-Tees a 1861, jirgin ƙarfe ne mai aiki da kwal. Takarda ta farko da ya kamata mai tattarawa ya nema ita ce ta rajista, kuma tun daga ita zaka fara koyon darasin wannan fage. Rajistar ta ce mai jirgin wani ɗan Birtaniya ne, Edwin Haigh, dillalin auduga a Liverpool. Amma ana gama rajistar sai Haigh ɗin ya sa hannu a takardar wakilci ya ba wasu mutum biyu a Charleston, Allan Hanckel da shi George Trenholm, ikon su sayar da jirgin. Wato sunansa kawai aka ara don jirgin ya ɗaga tutar Birtaniya, ƙasar da ta ce ita 'yar ba-ruwanmu ce a yaƙin. In takardar rajistar kaɗai ka samu zaka rantse jirgin Bature ɗan kasuwa ne da ba ruwansa da kowa, sai ka ajiye ta gefen takardar wakilcin sannan zaka gane abin da ake ciki.

Tafiyar farko ta yi kyau a wajen masu ita. Jirgin ya tashi daga West Hartlepool a watan Agusta 1861 da kyaftin Eugene Tessier, an ce Havana za shi, jakadan Amurka a Landan Charles Francis Adams ya kai ƙara wajen gwamnatin Birtaniya cewa makamai ne a ciki kuma Kudu za a kai su, ba a tsayar da shi ba. A watan Satumba sai ga shi ya shiga Savannah, ɗaya daga tashoshin Kudu, da igwa da bindigogi, ya sauke, ya ɗauko dilar auduga kusan 2,000 ya koma Liverpool lafiya lau. Ribar da aka samu ita ta buɗe wa sauran 'yan kasuwa ido.

Ka lura da abu ɗaya a nan, domin shi ne ginshiƙin duk maganata. Wannan tafiyar da ta yi nasara, abin da muke da shi a kanta tsinta-tsinta ne, wasiƙar ƙorafin jakada, labarin jarida, abin da jami'an Kudu masu sayen makamai suka rubuta. Tafiya ta biyu wadda ta ƙare da kamu kuwa, ita ce muka sani ciki da waje, har abin da aka rubuta a jikin askar da ke cikin kwali.

A tafiya ta biyun an canza kyaftin, Charles Westendorff ne ya karɓa, mutumin South Carolina. Sun bar Liverpool a farkon Maris 1862, suka isa St. George's a tsibirin Bermuda, suka zauna wajen mako biyar suna jiran umarni. Jirgin babba ne mai nutsewa sosai a ruwa, kuma zuwa lokacin ƙawanyar ta fara matsewa, saboda haka dabarar da aka koma ita ce babban jirgi ya kai kaya Nassau da ke tsibiran Bahamas ko tsibirin Bermuda, duk ƙasar Birtaniya, sannan ƙananan jirage masu gudu su kwashe su shige Charleston ko Wilmington da daddare. Umarni ya zo a wuce Nassau. Ranar 27 ga Afrilu 1862, kusa da tsibirin Great Abaco, jirgin yaƙin tarayya Mercedita ƙarƙashin kwamanda Henry Stellwagen ya tare su, aka hau aka duba kaya da takardu, aka tasa ƙeyar jirgin zuwa Philadelphia.

Yanzu me ya sa kamu ke haifar da takardu haka? Dokar ganima ta teku ce. Sojan ruwa ba zai kama jirgi ya ce nawa ne shikenan ba, dole ya kai shi gaban kotun ganima, kuma dole duk wata takarda da aka samu a cikin jirgin a tattara a miƙa wa kotu yadda take, rajista, takardun lodi, littafin tafiya, wasiƙu har na iyali. Sannan a ɗauki kyaftin da wasu ma'aikata a yi musu jerin tambayoyi da aka riga aka tsara, ɗaya bayan ɗaya, a rubuta amsa. Sannan a sauke kaya a ƙirga a ƙiyasta kuɗinsu, domin in kotu ta halatta ganimar gwanjo za a yi a raba kuɗin tsakanin gwamnati da ma'aikatan jirgin da ya yi kamun, kowa na da rabo daga kwamanda har ƙaramin yaro, to kaga ba wanda zai yarda a bar kwali ɗaya ba a rubuta ba. Neman rabon nan shi ya bar mana lissafi mai kyau haka.

Kuma wallahi lissafin kayan Bermuda abin karantawa ne a natse. Akwai igwa da harsasai da albarushi mai yawa, wannan ba mamaki. Amma akwai yadi da aka zana tutar 'yan tawaye a jiki, akwai maɓallan kakin soja, akwai wuƙaƙe da asake da aka buga musu sunayen 'yan kasuwar biranen Kudu, wasu ma da kirarin yabon shugabansu Jefferson Davis da Janar Beauregard a jikinsu. Takardun lodi sun ce tsibirin Bermuda za a sauke kaya, ba su ambaci Charleston ba ko sau ɗaya, amma kayan da kansu suna faɗin inda za su. Wa zai sayi aska mai yabon shugaban 'yan tawaye a ɗan tsibirin da ke tsakiyar teku? Sai kuma ɓangaren da ya fi jan hankalina, injinan buga takardu, tawada, takardar buga kuɗi mai tambarin CSA a cikinta, kan sarki na aika wasiƙa kusan miliyan biyar da kamfanin De La Rue na Landan ya buga da hoton Davis, har da farantin ƙarfen da ake buga su da shi. A cikin fasinjoji ma akwai masu sana'ar ɗab'i da aka ɗauko don su je su yi wa gwamnatin Kudu aiki. Wato ba makamai kaɗai jirgin ya ɗauko ba, kayan kafa gwamnati ne sukutum, kuɗinta da gidan wayarta.

Sai abin da ba mu samu ba. A lokacin kamun, ƙanin kyaftin ko wansa, ɗan uwansa dai na jini da ke cikin jirgin, ya jefa ƙananan akwatuna da wata jaka ta wasiƙu a teku, kuma shaidar da aka bayar ta nuna dama an ba da umarnin a yi haka in an ga za a kama su. Wani fasinja shi ma ya lalata wasiƙun da ke hannunsa. Wannan ba baƙon abu ba ne a sana'ar, jakar wasiƙu ana ajiye ta kusa da hannu da nauyi a ciki don ta nutse nan take. Duk mai riƙe da fayil ɗin kotun ganima ya sa a ransa cewa abin da ke hannunsa ragowa ne, abin da masu jirgin suka fi tsoron a gani sun riga sun zubar, abin da ya saura ko dai na ƙarya ne da aka tanada don a nuna wa mai bincike, ko wanda lokaci bai ba su damar zubarwa ba. Kashi na biyun nan shi ne zinariya. A Bermuda wasiƙun Fraser, Trenholm da suka tsira sun nuna su ke ba kyaftin umarni a kan komai, har da maganar ƙaramin jirgi mara nauyi da zai taimaka wajen shigar da kaya, shi kuma Haigh mai suna a rajista ba a ga hannunsa a tafiyar da jirgin ba.

Haigh ya shigar da ƙara cewa jirginsa ne, na ɗan ƙasar da ba ta cikin yaƙi, kuma an kama shi ne yana tafiya daga tashar Birtaniya zuwa wata tashar Birtaniya, wace ƙawanya ya fasa? Maganar tana da ƙarfi in a kan takarda kawai za a tsaya. Shari'ar ta tashi daga kotun tarayya ta Philadelphia har ta kai kotun ƙoli, inda alƙalin alƙalai Salmon Chase ya karanta hukunci bayan an gama yaƙin. Kotu ta ce masu jirgin na gaskiya mutanen Charleston ne, ta ce tsayawa a Nassau ba ya raba tafiya gida biyu in dai niyya tun farko kayan yaƙin su ƙare a hannun Kudu, kuma ta ɗauki zubar da takardun nan a matsayin babbar hujja a kansu, wato wanda ya jefa wasiƙa a ruwa ya ba alƙali damar ya zaci mafi muni game da abin da ke ciki. Wannan ƙa'ida ta cewa tafiyar ɗaya ce ko an yada zango, ita aka ci gaba da jayayya a kanta a shari'un jiragen Springbok da Peterhoff, kuma lauyoyin dokar teku sun daɗe suna komawa gare ta.

To ina takardun suke yau? Nan ne aikin tattarawa yake zama aiki. Ba wuri ɗaya suke ba, kuma ba za su taɓa haɗuwa wuri ɗaya ba sai dai a kwafi. Fayilolin kotun tarayya ta yankin suna reshen gidan adana takardun ƙasa na Amurka da ke Philadelphia. Rahotannin hafsoshin ruwa an buga su a babban kundin nan na takardun sojan ruwan ɓangarorin biyu da gwamnatin Amurka ta fitar daga 1894 zuwa 1922, mujalladi 30, yanzu duk yana intanet kyauta. Takardun Fraser, Trenholm, musamman wasiƙun Prioleau, suna gidan tarihin harkokin teku na Liverpool. Thomas Dudley, ƙaramin jakadan Amurka a Liverpool, wanda ya ɗauki 'yan leƙen asiri suna zagaya tashar jirage suna rubuta masa wane jirgi ke lodin me, takardunsa suna ɗakin karatu na Huntington a California. A gaskiya shi ne mai tattarawa na farko a wannan fage, kuma tarin shaidunsa ya yi amfani sosai a sasancin Geneva na 1872 da aka ce Birtaniya ta biya dala miliyan 15.5 saboda ɓarnar Alabama, jirgin yaƙin Kudu da aka ƙera a Birtaniya, da 'yan uwansa. Ga rahotannin ƙaramin jakadan Amurka a tsibirin Bermuda, Charles Allen, ga wasiƙun ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya a gidan adana takardun ƙasarsu da ke Kew a Landan. Kowanne da idon da yake kallon abin, hafsan ruwa yana son ganimarsa ta halatta, jakada yana son nuna Birtaniya na da laifi, ɗan kasuwa yana rubutu yana sane cewa wasiƙar na iya faɗawa hannun abokin gaba.

Wata ƙaramar matsala da ke cin lokaci, sunan jirgin da sunan tsibirin ɗaya ne. Ka rubuta Bermuda a wajen bincike dubban sakamako za su fito duk na tsibiri, dole ka haɗa da Mercedita ko Westendorff ko Haigh kafin ka samu abin da kake nema.

Kayan ɗab'in nan kuma su suka fi shiga hannun ɗaiɗaikun mutane. Takardar mai tambarin CSA baitulmalin tarayya ce ta same ta, daga baya ta buga samfuran ƙananan kuɗin a kanta, su ne irin wadda na fara da ita, kuma har yau suna fitowa a gwanjo. Kan sarkin da aka ƙwace an lalata su, amma farantin ya tsira, aka manta da shi har 1954 da aka gano shi a Philadelphia, ya zauna a hannun Franklin Institute, aka sake buga wasu da shi, yanzu yana gidan tarihin gidan waya na Smithsonian a Washington. Sake bugun nan abin lura ne ga mai saye, domin farantin na asali ne amma bugun na ƙarni na ashirin ne, kuma wanda bai sani ba sai a sayar masa da shi a matsayin na lokacin yaƙi.

Ni dai a kasuwar nan akwai abu biyu da ke damuna ƙwarai. Na farko rarraba tari. Za a samu damin takardun ɗan kasuwa ɗaya a soron gidan jikokinsa, maimakon a bar su tare sai dillali ya warware ya sayar ɗaya-ɗaya don ya fi samun kuɗi, ambulan ya tafi wajen mai tara kan sarki, wasiƙar ciki ta tafi wajen mai tara sa hannu, takardar lodi ta tafi bango a cikin gilashi. Ka tuna rajistar Haigh da takardar wakilcinsa, da an raba su an sayar wa mutum biyu a ƙasashe biyu, kowannensu na riƙe da rabin gaskiya bai sani ba. Na biyu sata. Takardar da ke ɗauke da lambar shaidar kotu ko hatimin ofishin gwamnati, ka tambayi yadda ta fito kafin ka miƙa kuɗi. A 2006 wani mai koyon aiki a reshen Philadelphia ɗin nan ya kwashe takardun yaƙin basasa sama da 160 ya riƙa sayarwa a eBay, abin da ya tona shi kuwa wani mai bincike ne da ya gane takardar da ya taɓa yin kwafinta a can shekarun baya. Shi ya sa nake ganin tarin kwafi mai tsari, kowace takarda da bayanin inda take da lambarta, ya fi amfani nesa ba kusa ba a kan takarda ɗaya ta asali da ba a san tushenta ba.

Akwai kuma karkatar da ke cikin abin da ya tsira gaba ɗaya. Yawancin yunƙurin jiragen tururi na ratsa ƙawanyar sun yi nasara, amma in fayilolin kotu kaɗai ka karanta zaka ɗauka kowa kama shi aka yi, tunda wanda ya tsere ba shi da fayil. Ga shi kuma da Richmond, babban birnin 'yan tawayen, ta faɗi a Afrilu 1865 takardun sojan ruwan Kudu da yawa sun ƙone, har masu haɗa kundin nan mai mujalladi 30 sai da suka riƙa roƙon tsofaffin hafsoshi da iyalansu su kawo abin da ke akwatunansu. Kamfanin Fraser, Trenholm shi ma bai daɗe ba bayan yaƙi, gwamnatin Amurka ta bi shi da ƙararraki a kotunan Ingila, ya durƙushe a 1867. Ɗan uwan Bermuda, jirgin Bahama, wanda Tessier ya koma, shi ya kai wa Alabama kyaftinsa Raphael Semmes da wasu makamai a tsibiran Azores a Agusta 1862, aiki mai nauyi a tarihi, amma da yake bai faɗa hannu a tafiyar ba ba mu da lissafin kwali-kwali irin na Bermuda.

Wani abu da ba na iya wucewa ban faɗa ba. Dilar auduga 2,000 ɗin nan da aka ɗauko daga Savannah, takardun irin wannan kaya suna rubuta alamar kowace dila da nauyinta da sunan mai ita, amma waɗanda suka noma suka tsince ta bayi ne baƙar fata, kuma babu sunan ko ɗaya a ciki. Igwan da jirgin ya kai an saye su ne don a kare tsarin da ke riƙe da mutanen nan a bauta. Masu tattarawa da yawa suna ɗaukar labarin a matsayin na jarumta, jirgi mai launin toka yana silalewa cikin duhu ba fitila, ni ma na san daɗin karanta shi, amma ina ganin duk wanda ya rataya takardar lodin auduga a ɗakinsa ya kamata ya san me yake kallo. A Wilmington har hayaƙi ake turawa cikin jirgi kafin ya tashi, don a fito da bawan da ya ɓuya tsakanin diloli yana neman tsira.

Shi kuwa jirgin kansa, sojan ruwan tarayya ne suka saye shi daga kotun ganima, ya fara aiki a 1863 da sunansa na da, yana jigilar abinci da wasiƙu daga Philadelphia zuwa jiragen da ke tsaron ƙawanya a tekun Meziko, har shi ma ya kama wasu ƙananan jiragen fasa ƙawanya a hanya. Daga nan takardunsa sun koma cikin na sojan ruwa. An sayar da shi a 1865, ya koma jirgin kasuwa da sunan General Meade, daga baya aka sake masa suna Bahamas, ya nutse a guguwa a watan Fabrairu 1882. In kana bin sawunsa a rajistar jirage da jaridun bayan yaƙi, da waɗannan sunaye biyu zaka nema, kuma ka yi hattara kada ka haɗa Bahamas ɗin nan da Bahama na Tessier.